Tsayuwa Ko Zama: Tarihin Muhawarar Kujeru a Filayen Ƙwallon Ƙafa na Birtaniya

Gabatarwa

Wanda ya saba kallon gasar Firimiya ta Ingila a talabijin zai iya zaton cewa tun fil azal a zaune mutanen ƙasar suke kallon ƙwallo, kowa da kujerarsa, kowace kujera da lambarta. Al'amarin ba haka yake ba. Kimanin shekara ɗari aka yi mafi yawan 'yan kallo suna tsaye, kafaɗa da kafaɗa, a kan matakalan ƙasa da na siminti. Doka ce ta zaunar da su a 1994, dokar kuwa ta biyo bayan masifar da ta auku a filin Hillsborough na birnin Sheffield a 1989. A 2022 kuma gwamnati ta sake halatta tsayuwa bisa wasu sharuɗɗa. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda aka tashi daga tsayuwa zuwa zama, aka kuma komo tsayuwa. Abin da tarihin yake nunawa shi ne cewa rayukan 'yan kallo sun fi rataya a kan ƙidayar mutane, da buɗaɗɗun ƙofofi, da irin kallon da hukuma take yi wa taron, fiye da yadda suka rataya a kan kujera.

Asalin tsayuwa

An kafa gasar rukunin ƙungiyoyin Ingila a 1888, a zamanin da ma'aikatan masaƙu da na ma'adinan kwal da na tashoshin jiragen ruwa suka fara samun hutun rabin yini a ranar Asabar. Waɗannan leburori su ne suka cika filayen. Ƙungiyoyin ba su da kuɗin gina wa kowa mazauni, saboda haka sai su gina rumfa guda mai rufi da kujeru a gefe ɗaya domin masu hannu da shuni, sauran gefunan kuma su tara ƙasa da tokar kwal su yi tudu, talaka ya hau ya tsaya. Tun daga tushe ke nan tsayuwa da zama sun kasance alamar matsayi a cikin al'umma.

Mafi shahara a cikin irin waɗannan tuddai shi ne wanda ƙungiyar Liverpool ta gina a filinta na Anfield a 1906, aka raɗa masa suna Kop, domin tunawa da wani tsauni mai suna Spion Kop a Afirka ta Kudu inda sojojin Birtaniya da dama suka halaka a yaƙinsu da Buwa a 1900. A zamanin tashensa wannan tudu kaɗai yana ɗaukar mutum kusan 28,000. A filin Hampden na birnin Glasgow kuwa, fiye da mutum 149,000 ne suka kalli wasan Sikotland da Ingila a 1937, galibinsu a tsaye.

Haɗari bai jira an daɗe ba. A ranar 5 ga Afrilu 1902, ana wasa tsakanin Sikotland da Ingila a filin Ibrox na Glasgow, sai wani ɓangare na matakalan katako ya rufta da mutanen da ke kansa. Mutum 25 suka mutu, fiye da 500 suka jikkata. Daga nan aka rabu da dogayen matakalan katako, aka koma ga tudun ƙasa da siminti, ana kakkafa ƙarafa a tsakani domin su rage nauyin taron da ke turowa daga sama.

Rahotannin da aka ajiye a kan kanta

Abin da ya biyo baya ya zama kamar al'ada: a yi masifa, a kafa kwamitin bincike, a rubuta rahoto, a ajiye. A 1923 aka buɗe filin Wembley na Landan da wasan ƙarshe na Kofin FA tsakanin Bolton da West Ham. Taron ya zarce abin da filin zai iya ɗauka nesa ba kusa ba, har mutane suka malalo cikin fagen wasan, sai da 'yan sanda a kan dawaki suka jajjanye su. Ba a rasa rai ba, amma gwamnati ta sa aka yi bincike a shekarar da ta biyo.

A ranar 9 ga Maris 1946, a filin Burnden Park na garin Bolton, mutane suka yi ta haurowa ta katanga bayan an rufe ƙofofi. Ƙarafan tare matsi suka karye, mutum 33 suka mutu. Rahoton da aka rubuta ya ba da shawarar a riƙa ƙididdige adadin da kowane sashe zai ɗauka, a kuma riƙa bai wa filaye lasisi. Ba a mayar da shawarar doka ba.

Sai a ranar 2 ga Janairu 1971 aka sake ganin ta'asa a Ibrox. An tashi daga wasan Rangers da Celtic, dubban mutane suna saukowa ta wata doguwar matakalar fita da ake kira ta 13, sai wasu suka faɗi, na baya suka afka musu. Mutum 66 suka rasa rayukansu. Ya kamata mai nazari ya lura cewa wannan ya faru ne a hanyar fita, bayan kowa ya bar wurin da ya tsaya ko ya zauna. Wannan karon dai an yi doka, wato dokar kiyaye lafiya a filayen wasanni ta 1975, wadda ta wajabta wa manyan filaye mallakar takardar shaida daga ƙaramar hukuma. Ita kuma ƙungiyar Rangers ta rushe mafi yawan filin nata ta sake gina shi da kujeru.

Zamanin shinge da keji

A shekarun 1970 da na 1980 wata matsalar ta daban ta danne batun kiyaye lafiya, wato rikicin 'yan daba a cikin magoya baya. Ana faɗa a kan tituna da cikin jiragen ƙasa, ana kutsawa cikin fage a tsayar da wasa. Martanin hukumomi shi ne su kewaye fagen da dogayen shingayen ƙarfe, su kuma rarraba wuraren tsayuwa gida-gida kamar keji, domin kada magoya bayan ƙungiyoyi biyu su haɗu. A 1985 shugaban Chelsea na lokacin, Ken Bates, har wayar lantarki ya sa aka ɗaura a saman shingen filinsu, sai dai hukumar birnin Landan ta hana a kunna ta. Daga wannan kaɗai za a gane matsayin ɗan kallo a idon masu iko: abin tsarewa ne, kamar dabbar da ake gudun ta ɓalle.

Watan Mayun 1985 ya zo da masifu biyu. A ranar 11 ga wata gobara ta tashi a tsohuwar rumfar katako ta filin Bradford, a inda shara ta daɗe tana taruwa a ƙarƙashin kujeru. Cikin 'yan mintoci wuta ta cinye rumfar, mutum 56 suka mutu, da yawansu a bakin ƙofofin baya da suka tarar a kulle. Waɗanda suka tsira galibi fagen wasa suka diro, domin babu dogon shinge a gaban rumfar. A ranar 29 ga wata kuma, a filin Heysel na birnin Brussels a Beljiyam, wasu magoya bayan Liverpool suka far wa sashen da magoya bayan Juventus suke, mutane suka guje suka matsu a jikin wata katanga har ta faɗi, mutum 39 suka mutu. Heysel ta ƙarfafa ra'ayin cewa 'yan kallo su ne haɗarin. Darasin Bradford kuwa, cewa rashin shinge ne ya ceci ɗaruruwan rayuka, ba a ɗauke shi ba.

Hillsborough, 15 ga Afrilu 1989

A wannan rana Liverpool da Nottingham Forest suka haɗu a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin FA. An ware wa magoya bayan Liverpool ɓangaren da ake kira Leppings Lane, inda masu tikitin tsayuwa 10,100 za su shiga ta ƙofofi masu juyawa guda 7 kacal. Wurin ba baƙon haɗari ba ne, domin a 1981 an taɓa samun matsi a nan har mutum 38 suka jikkata, kuma bayan haka ne aka rarraba shi keji-keji.

Da lokacin take wasa ya matso, dubban mutane suka cunkushe a waje. Da ƙarfe 2:52 na rana babban jami'in 'yan sandan da ke jagorantar aikin, David Duckenfield, ya ba da umarnin a buɗe wata babbar ƙofar fita. Kimanin mutum 2,000 suka shigo cikin 'yan mintoci. A gabansu akwai wata hanya ta ƙarƙashin rumfa mai gangarawa kai tsaye zuwa keji na 3 da na 4, waɗanda tuni suka cika maƙil, alhali kejin da ke gefe da gefe suna da sauran fili. Ba a sa kowa ya tare hanyar ko ya karkatar da mutane ba. Adadin da aka amince wa kejin biyu shi ne 2,200, bincike daga baya ya nuna cewa bai kamata ya kai 1,700 ba, amma fiye da mutum 3,000 ne suka kasance a ciki. Na gaba suka matsu a jikin shinge, ƙofofin shingen kuwa ƙanana ne kuma a rufe. Waɗanda suka yi ƙoƙarin haurawa, da farko an ɗauke su masu neman kutsawa cikin fage ne. An tsayar da wasa bayan minti 6 da farawa. Mutum 94 suka mutu a ranar, adadin ya ci gaba da ƙaruwa har ya kai 97 a 2021, lokacin da wani da ya samu raunin ƙwaƙwalwa a wurin ya cika.

A nan akwai abin lura ga ɗalibin harshe. Kafofin labarai kan kira irin wannan lamari da turmutsitsi ko turereniya, kalmomin da ke kawo hoton mutane suna gudu suna tattake juna. A Hillsborough babu wanda ya samu wurin gudu. Matsi ne ya hana ƙirji buɗewa, mutane suka mutu a tsaye saboda rashin numfashi. Idan mutane suka wuce biyar ko shida a kan murabba'in mita guda, ba wanda yake da iko da jikinsa, taron yakan riƙa motsi kamar ruwa. Shi ya sa ƙa'idar Birtaniya ta ƙayyade mutum 47 a kowane murabba'in mita 10 na wurin tsayuwa. Kalmar da aka zaɓa tana iya ɗora laifi a kan wanda aka zalunta. Haka kuwa aka yi, domin Duckenfield ya shaida wa jami'an hukumar ƙwallo cewa 'yan kallo ne suka ɓalle ƙofar, bayan kwana huɗu kuma jaridar The Sun ta buga zarge-zargen ƙarya na buguwa da sata a kan magoya bayan Liverpool.

Rahoton Taylor

Gwamnatin Margaret Thatcher ta naɗa Mai Shari'a Peter Taylor ya binciki lamarin. A rahotonsa na wucin gadi na Agustan 1989 ya bayyana cewa babban musabbabin masifar shi ne gazawar 'yan sanda wajen sarrafa taron. A rahoton ƙarshe na Janairun 1990 ya tunatar da cewa nasa shi ne na tara a jerin rahotannin hukuma kan wannan batu, ya kuma kawo shawarwari 76. Daga ciki akwai rage tsawon shingaye da cire musu tsinin ƙarfe, da barin ƙofofinsu a buɗe, da tanadin likitoci da motocin asibiti, da fayyace wanda alhakin lafiyar 'yan kallo yake wuyansa. Ya yi watsi da shirin gwamnati na tilasta wa kowane ɗan kallo mallakar katin shaida. Amma shawarar da ta fi shahara ita ce a mayar da filaye na kujeru zalla.

Taylor da kansa ya yarda cewa tsayuwa a karan kanta ba haɗari ba ce. Hujjarsa ita ce kujera tana bai wa kowane mutum yanki nasa wanda wani ba zai matse shi a ciki ba, tana hana taro tunkuɗowa daga sama zuwa ƙasa, tana kuma sa a san adadin mutanen da ke kowane sashe. A taƙaice, amfanin kujera a wurinsa shi ne ta zama ma'auni. Gwamnati ta karɓi shawarar, ta ba ƙungiyoyin manyan rukunai biyu wa'adin Agustan 1994. A 1992 aka sassauta wa ƙananan rukunai, suka ci gaba da tsayuwa. A ranar 30 ga Afrilu 1994 aka yi tsayuwar ƙarshe a kan tsohon Kop, a wasan Liverpool da Norwich.

Wanke sunan mamatan ya ɗauki lokaci mai tsawo. A 2012 wani kwamiti mai zaman kansa ya gano cewa an sauya bayanan 'yan sanda 164, Firayim Minista David Cameron ya nemi gafarar iyalai a majalisa. A ranar 26 ga Afrilu 2016 sabon zaman binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa an kashe mutanen ne ba bisa ƙa'ida ba, kuma halayyar magoya baya ba ta da hannu a ciki.

Riba da asara

Babu mai musun cewa filayen Ingila sun gyaru. Tun daga 1989 ba a sake ganin masifa irin wannan a cikinsu ba, mata da yara kuma sun ƙaru a cikin 'yan kallo. Sai dai sauye-sauyen sun zo ne a dunƙule: an cire shingaye, an kafa kyamarori da ɗakunan sa ido, an horar da masu kula da taro, an sa na'urorin da ke ƙirga duk wanda ya shigo. Da wuya a ware rabon kujera ita kaɗai a cikin wannan nasara.

Asarar kuwa ta faɗa a kan talaka. Taylor ya yi fatan a sa wa kujeru mafi araha farashin da mai tsayuwa zai iya biya. Amma gyaran ya zo daidai da kafa gasar Firimiya a 1992 da kwararowar kuɗin talabijin, guraben kallo suka ragu, farashin tikiti ya yi ta hauhawa, matasa da leburorin da kakanninsu suka raya wasan suka koma kallo a gidajen shaƙatawa. Bugu da ƙari, dubban waɗanda suka shiga filin ba su zauna ba. Sun ci gaba da tsayuwa a gaban kujerunsu tun daga farkon wasa har ƙarshensa, musamman a bayan raga. Wannan ya haifar da sabon haɗari, domin bayan kujera iyakarsa ƙwauri, idan aka zura ƙwallo mutum na iya tuntsurawa kan na gabansa, shi ma ya tuntsura kan na gaba.

Misalin Jamus da komowar tsayuwa

Jamus ba ta taɓa hana tsayuwa a gasarta ta cikin gida ba. A filin Borussia Dortmund akwai sashen kudu mai ɗaukar kusan mutum 25,000 a tsaye, wanda ya fi kowane irinsa girma a Turai, tikitinsa kuma yana da rahusa. Da hukumar ƙwallon Turai ta wajabta kujeru a wasanninta a 1998, wasu ƙungiyoyin Jamus suka ɓullo da wata dabara: kowane layi a sa masa dogon ƙarfe mai kaiwa ƙugu, a jikinsa kuma kujeru masu naɗewa. A wancan lokacin, a wasan gida akan naɗe su a tsaya, a wasan Turai kuma akan sauke su a zauna. Da yake kowane layi yana da ƙarfensa, taro ba ya iya gangarowa.

Ƙungiyoyin magoya baya a Birtaniya suka riƙe wannan misali suna fafutuka. Adawa mafi nauyi ta fito ne daga wasu iyalan mamatan Hillsborough, waɗanda suke ganin komawa tsayuwa tamkar mantawa da 'ya'yansu ne, kuma ba wanda ya isa ya raina wannan ra'ayi. Celtic ta fara kafa irin waɗannan kujeru a 2016, da yake dokar ba ta shafi Sikotland ba. A 2017 wata ƙungiyar magoya bayan Liverpool ta kaɗa ƙuri'a, kashi 88 cikin ɗari suka goyi bayan tsarin. A 2018 gwamnati ta ƙi amincewa da buƙatar West Bromwich Albion ta gwada shi, sai mutum fiye da 100,000 suka sa hannu a takardar koke, majalisa ta yi muhawara. A Janairun 2022 aka bai wa Chelsea da Tottenham da Manchester United da Manchester City da Cardiff lasisin gwaji, aka fara da wasan Chelsea da Liverpool a ranar 2 ga wata. A Yulin shekarar aka buɗe ƙofa ga sauran ƙungiyoyi. Sharaɗin shi ne mutum ɗaya, gurbi ɗaya, lamba ɗaya. Ma'aunin da Taylor ya nema yana nan, kujerar ce kawai aka naɗe.

Abin da filayen Afirka suka nuna

Wanda yake zaton kujera ita ce maganin, sai ya dubi abin da ya faru a Akra a ranar 9 ga Mayu 2001. Hearts of Oak ta ci Asante Kotoko 2 da 1 a ƙarshen wasa, wasu 'yan kallo da suka fusata suka fara ɓalle kujerun roba suna jifa da su. 'Yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin rumfuna, mutane suka ruga zuwa matakalan fita, suka tarar da ƙofofi a rufe. Mutum 126 suka mutu, ciki har da matasa da dama daga unguwar Nima. Kwamitin binciken da Sam Okudzeto ya shugabanta ya ɗora babban laifin a kan 'yan sanda, ko da yake kotu ta sallami jami'an da aka gurfanar. Wata guda kafin nan mutum 43 sun mutu a filin Ellis Park na Johannesburg saboda an bar taro ya wuce kima.

A ranar 24 ga Janairu 2022, makonni uku da fara gwajin tsayuwa a Ingila, mutum 8 suka mutu a ƙofar kudu ta filin Olembe na Yawunde, kafin wasan Kamaru da Komoros a gasar cin Kofin Afirka. Filin sabo ne fil, mai kujeru 60,000. Waɗanda suka mutu ba su ma kai ga ganin kujerun ba, a bakin ƙofar da ta kamata ta kasance a buɗe suka matsu.

Kammalawa

Idan aka jera Burnden Park da Ibrox da Bradford da Hillsborough da Akra da Olembe, za a ga wasu a tsaye suka mutu, wasu daga kan kujera suka taso, wasu a kan matakala, wasu a bakin ƙofa. Abin da ya haɗa su shi ne taron da ba a ƙirga ba, da mafitar da aka toshe, da jami'an da suka ɗauki mai neman tsira a matsayin mai tayar da fitina. Muhawarar tsayuwa da zama ta shafe fiye da shekara 30 a Birtaniya, a wasu lokutan kuma ta yi kama da barin jaki ana dukan taiki. Hukumomin da ke gina sababbin filaye a ƙasashenmu suna alfahari da yawan kujeru, kuma hakan ba laifi ba ne. Tambayoyin da suka fi cancanta a yi musu su ne: tikiti nawa aka sayar, ƙofa nawa ce a buɗe, wa ke riƙe da mabuɗin, kuma wane umarni aka bai wa ɗan sandan da ke ɗauke da barkonon tsohuwa.